ZAUREN SHAWARA: Gidan da Kake Kwana a Ciki, Ana Yafe Masa Haraji?

A wannan wata na yi niyyar ɗauko maganar kuɗin makaranta ne, sai wata takarda ta shigo mini gida ta sauya mini shawara, domin na lura ba gida ɗaya irinta ta shiga ba, kuma ba mutum ɗaya ta ruɗa ba.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar, wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, ta yi sallama ta shigo. Bayan mun gaisa sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da takarda ninki huɗu. Takardar harajin gida ce daga majalisar gundumarmu, da bashin shekara uku a kanta. Sunan da ke sama kuwa na surukinta ne, watau mahaifin marigayi mijinta, mutumin da ya rasu tun ban shiga makarantar allo ba.

Ta ce, "Ɗana, duba mini wannan. Ƙanenka na Amurka ya bugo waya ya ce kada in ba su ko sisi. Ya ce a can inda yake, gidan da mutum yake kwana a ciki ba a karɓar masa haraji, sai gidan haya. Kuma ya ce tunda na wuce saba'in, ai gwamnati ta yafe mini."

Na ce, "Inna, ƙanena bai yi miki ƙarya ba, amma magana uku ya haɗa ya ɗaure da igiya ɗaya. Ki bari mu kwance su ɗaya bayan ɗaya."

Abin da na faɗa mata a ranar, da abin da muka je muka gano daga baya, shi ne na kawo muku.

Mu fara da Amurka, tunda daga can maganar ta taso. Yaron yana jihar Filorida ne, kuma gaskiya ne jihar tana da dokar rangwame ga gidan da mai shi yake zaune a ciki. Tun 1934 aka sa ta, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, mutane suna ta rasa gidajensu saboda sun kasa biyan haraji. A wancan lokaci dala 5,000 aka cire daga ƙimar gida kafin a yi lissafi. Yanzu abin ya kai wajen dala 50,000, kuma ko a cikin wannan ma, dala 25,000 na farko ne kaɗai ba su da haraji ko kaɗan. Sauran ana biyan harajin makarantu a kansu. To idan gida ya kai dala 300,000, kun ga ai ba yafewa aka yi ba, ragi ne aka yi. Akwai wata gata kuma da ta fara aiki a 1995: ba a ƙara wa irin wannan gida ƙima fiye da kashi 3 cikin ɗari a shekara, ko da farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo.

Amma ku ji sharuɗɗan. Tilas gidan ya zama naka, kuma ya zama nan ne mazauninka na dindindin a ranar 1 ga Janairu ta shekarar da kake neman ragin. Tilas ka cika takarda ka kai ofishin mai ƙima kafin 1 ga Maris ta wuce. Za su duba lasisin tuƙinka, da rajistar motarka, da inda ka yi rajistar zaɓe, su ga ko duk adireshin gidan suke ɗauke da shi. Wanda kuwa aka kama ya ci ragin alhali bai cancanta ba, ana iya komawa baya har shekara 10 a karɓi abin da ya tsallake, a ɗora masa tarar kashi 50 cikin ɗari, da ruwan kashi 15 cikin ɗari a kowace shekara, a kuma rataya bashin a wuyan gidan. Na faɗi wannan ne musamman domin 'ya'yanmu da ke can, masu zuwa gida su yi wata da watanni suna duba gini a Kumasi ko Ankara, su bar gidan can a hannun ɗan haya. Ba da gidan haya yana iya kashe ragin, kuma ba sai an yi maka sallama ba.

Wannan dokar Filorida ce. Ko maƙwabciyarta jihar Jojiya ba ta aiki da ita, tana da tata daban, balle Nima ko Aboabo. Mu tamu dokar ita ce Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, wadda ta maye gurbin ta 1993 mai lamba 462. Ita ta ba majalisun gundumomi, da na garuruwa, da na manyan birane, su 261 a faɗin Ghana, ikon sa wa gine-gine haraji. Kuma bari in faɗa a fili tun yanzu, don kada wani ya karanta rabi ya ajiye jarida ya tafi da kuskure: a cikin jerin gine-ginen da dokar ta yafe wa haraji, babu gidan zama. Kwana a gidanka ba ya fitar da kai daga biya.

Sai dai dokar ba ta bar mai zama a gidansa hannu rabbana ba. Ta yi masa wata gata, wadda na tabbata a cikin masu gida goma na zango da wuya a sami biyu da suka taɓa jin labarinta. Kafin a gane ta sai an san yadda ake lissafin harajin.

Ba fili ake sa wa wannan haraji ba, gini ake sa wa. Kuɗin ƙasa da wasunmu ke biya, musamman a Kumasi inda filayen na sarauta ne, wannan daban ne, ofishinsa ma daban. Shi harajin gida, masu ƙima ne ke zuwa, daga Sashen Ƙima na Hukumar Filaye ta Ƙasa ko waɗanda aka ba izini, su auna ginin, su duba bulo ne ko ƙasa, kwano ne ko dakali, ɗaki nawa, hawa nawa. Sai su tambayi kansu: da a ce yau za a gina irin wannan gida sabo, nawa zai ci? Daga wannan kuɗi sai su cire abin da za a kashe a gyara gidan ya koma kamar sabo. Abin da ya rage shi ne ƙimar da ake ɗora haraji a kai. Majalisar gunduma kuma ita ke yanke ko nawa za a karɓa a kan kowane sidi na wannan ƙima.

To a nan gatar take. Dokar ta ce idan mai gida shi ne yake zaune a gidansa, ƙimar ba za ta wuce kashi 50 cikin ɗari na kuɗin gina shi sabo ba. Idan kuwa ba haka ba ne, ƙimar ba za ta gaza kashi 75 cikin ɗari ba. Ku lura da kalmomin da kyau. Mai zama a gidansa rufi aka yi masa, ba a hawa sama da shi amma ana iya sauka. Na biyun kuwa daɓe aka yi masa, ba a sauka ƙasa da shi amma ana iya hawa.

Bari in buga misali, kuma lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane, kada wani ya kai su ofis. A ce gidaje biyu ne a layi ɗaya, maginin da ya gina wannan shi ya gina wancan, kowanne zai ci sidi 400,000 in za a gina shi yau. A ce majalisa ta yanke sidi 1 a kan kowane sidi 1,000. Wanda mai shi yake ciki, ƙimarsa ba ta wuce 200,000, harajinsa sidi 200 ke nan in ya yi yawa. Wanda aka zuba wa 'yan haya, ƙimarsa ba ta gaza 300,000, harajinsa sidi 300 in ya yi kaɗan. Yanzu a ce gidajen sun tsufa irin tsufan gidajenmu na zango, kwano ya yi tsatsa, bango ya tsage, gyaran kowanne zai ci 260,000. Na mai zama a ciki sai ya sauko zuwa 140,000, ya biya sidi 140. Na haya kuwa yana nan a 300,000, ko da ruwa yana zuba a kan gadon ɗan haya. Gida iri ɗaya, tsufa iri ɗaya, amma ɗaya yana biyan fiye da ninki biyu na ɗan'uwansa. Bambancin duka kalma ɗaya ce da wani ma'aikaci ya rubuta a gaban lambar gidan.

Da na kai nan sai Inna ta ce, "To ai shi ke nan, ni a gidana nake." Na ce, "Inna, ɗaki nawa ne a gidan?" Ta ce goma sha ɗaya. Na ce, "Nawa ne naku?" Ta ƙirga da yatsu: ita tana da biyu, kishiyarta da jikoki biyu, ƙanen mijinta ɗaya, ɗaya a kulle na yaron Amurka. Sauran biyar fa? Huɗu 'yan haya, na biyar kuma wanda ke bakin titi an fasa masa ƙofa ta waje, tela yana ɗinki a ciki.

Wannan shi ne gidan zango, kuma duk wanda ya tashi a Sabon Zango ko Mamobi ko Asawase ya san ban ƙara gishiri ba. Wanda ya rubuta dokar, gida iri biyu ya hanga: na mai zama a ciki, da wanda ba shi ba. Namu kuwa ya tsaya a tsakiya, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can. Kakanni sun zo fataucin goro ko na shanu, ko aikin soja da ɗan sanda, suka sami fili a wurin sarkin zango, suka yi ɗaki biyu da zaure. Aka haihu aka ƙara ɗaki, baƙo ya sauka aka ƙara ɗaki, baƙon ya zama ɗan haya, ɗan hayan ya aurar da 'ya'yansa a gidan. Yau idan mai ƙima ya shigo da tsakar rana, maza sun fita nema, wa zai tarar? Yaro, ko matar ɗan haya tana wanki. Ya tambaya, "Mai gidan yana nan?" A ce masa, "Ai ya rasu." Ya waiga ya ga keken ɗinki a bakin ƙofa. Me kuke zaton zai rubuta?

Ban ce mugunta yake yi ba. Mutum ne da aka ba layi ashirin ya gama kafin Juma'a, kuma mai yiwuwa ba ya jin Hausa, wadda ya tarar kuma ba ta jin Turanci. Amma abin da ya rubuta a minti biyar shi zai bi gidan shekara da shekaru, domin ba kowace shekara ake sake ƙima ba. Galibin majalisu kuma suna raba gine-gine aji-aji, na zama, na kasuwanci, da na haɗe, kowanne da farashinsa, na kasuwanci ya fi tsada. Saboda haka kuskure ɗaya yana iya cizon mutum sau biyu: a ƙima, da kuma a farashi.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta kamaci mai gida a zango ba "ana yafe mini?" ba ce. Tambayar ita ce, "Me aka rubuta a kan gidana?" Amsarta tana ofishin kuɗin shiga na majalisar gundumarka. Ka ɗauki takardar da aka kawo maka, da Ghana Card ɗinka, da lambar adireshin gidan ta GhanaPost da aka fara bayarwa tun 2017, ka je ka ce a nuna maka abu uku: sunan wa ke kan gidan, wane aji aka sa shi, kuma an yi masa ƙima ko kuwa kuɗin bai-ɗaya ake karɓa. Wannan na ukun yana da muhimmanci, domin gidaje da yawa ba a taɓa auna su ba, majalisa takan yanka musu kuɗi ɗaya bisa ga unguwa da irin gini. Idan gidanka yana cikin waɗannan, maganar kashi 50 da 75 ba ta iso kanka ba tukuna, amma ajin da aka sa ka ya riga ya iso.

Idan ka ga an yi kuskure, kada ka tsaya cacar baki da mai karɓar kuɗi a ƙofar gida. Shi ɗan aike ne, ba ya iya goge ko sifili ɗaya. Dokar ta tanadi kwamitin duba ƙorafin haraji a kowace gunduma, wanda bai gamsu da ƙimar da aka yi wa gidansa ba nan zai kai kuka, in bai gamsu da hukuncinsu ba ya wuce Babbar Kotu. Ka rubuta takarda, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a naka kwafin da kwanan wata. Maganar baki a ofis iska ce. A cikin takardar ka faɗi gaskiyar gidan: ɗaki kaza iyali, ɗaki kaza haya, shago ɗaya. A ganina gidan da mai shi yake kwana a ciki da iyalinsa, bai kamata a yi masa kuɗin goro da gidan da aka gina don haya kawai ba, kuma wannan hujja ce da za ka iya tsayawa a kanta ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Amma kada ka ɓoye 'yan haya. Na ji wani yana ba da shawara a majalisar shayi wai a ce duk 'yan'uwa ne. Haba malam! Ranar da kuka ɓata da ɗan hayan, shi zai fara kai rasit ɗinsa ofis. Kuma a tuna kuɗin haya yana da nasa harajin daban, kashi 8 cikin ɗari a ɗakin kwana, wanda hukumar tara haraji ta ƙasa, watau GRA, ke karɓa. Biyan wannan ba ya ɗauke wancan.

Yanzu mu zo ga inda gizo ke saƙa, maganar suna. Gatar ta mai gida ce da ke zaune a gidansa. To wane ne mai gida? A takarda, mai gidan su Inna mutum ne da ke kwance a maƙabarta fiye da shekara arba'in. Matacce ba ya zama a gida. Mu a wurinmu an yi addu'ar arba'in, malamai sun zauna sun raba gado, kowa ya san ɗakinsa, shi ke nan. Wannan rabo yana da daraja a wurin Allah da wurin jama'a, amma littafin majalisa bai ji labarinsa ba. Hanyar da hukuma ta sani ita ce magada su je kotu su karɓi takardar izinin kula da gado, daga nan waɗanda aka ba izinin su rubuta takardar miƙa gidan ga magada, a kai ta Hukumar Filaye, sannan a je majalisa a sauya suna. Da kuɗi, da zirga-zirga, da zaman dangi wanda ya fi duka wuya. Na sani. Na ga gidan da aka fara wannan magana aka tashi baram-baram, domin wani yana ganin duk wanda ya ce a taɓa takarda cinye gidan yake so ya yi.

Amma ku dubi ɗaya gefen. Muddin sunan kaka ne a kan takarda, kowa sai ya ce ba nasa ba ne. Na Legas ya ce ai ba ya kwana a gidan, na Jamus ya ce ya aiko da kuɗin kwano bara, na gida ya ce masu karɓar haya su biya. Bashi yana taruwa. Ko kuma a sami mai wayo ɗaya ya riƙa biya a ɓoye, ya sa a rubuta rasit da sunansa. Rasit ba takardar mallaka ba ce, kowane lauya zai faɗa maka haka, amma ana gabatar da shi a kotu a matsayin shaidar wanda ke riƙe da gida, kuma rasit na shekara ashirin a hannun mutum ɗaya ba abin wasa ba ne. Ko ba a kai ga kotu ba, mafi ƙaranci dangi su zauna, a gaban liman ko sarkin zango, su rubuta wanda zai riƙa biya da sunan kowa, da kuma daga wane kuɗin haya za a cire. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanne gine-gine ne dokar ta yafe wa gaba ɗaya? Wuraren ibada na jama'a da aka keɓe don ibada kaɗai kuma aka yi musu rajista a majalisa, maƙabartu, gine-ginen sadaka da makarantun gwamnati, asibitocin gwamnati, da ofisoshin jakadanci. Na san abin da ya zo ran wasunku. A'a. Shimfiɗa tabarma a zaure ana jam'i, ko tara almajirai da allo da safe, bai mai da gida masallaci ba. Kalmar "kaɗai" tana nan, kalmar rajista ma tana nan. Sai dai wannan ya tuna mini in tambayi kwamitocin masallatanmu na unguwa: naku yana da rajista a majalisa? Ku bincika kafin takarda ta zo.

Sai maganar shekara saba'in. Ita ma tana da tushe, amma ba a kan gida ba. Akwai ɗan ƙaramin harajin kai da majalisa ke sa wa kowane baligi, wanda iyayenmu ke kira lampo. Shi ne aka ɗauke wa wanda ya haura saba'in, da ɗalibin da ba ya karɓar albashi. Harajin gida kuwa ba ya tambayar shekarun mai gida.

Ƙofar da ta dace da irin su Inna wata ce daban, kuma ita ma ba a cika ƙwanƙwasa ta ba. Dokar ta ba majalisa ikon rage wa mutum haraji, ko ta yafe masa, saboda talauci. Iko aka ba ta, ba tilas aka yi mata ba, saboda haka roƙo ne ba haƙƙi ba, kuma ba a ba wanda bai nema ba. Gwauruwar da ba ta da mai aiko mata, tsohon da ciwo ya kwantar, su ne aka yi wa wannan tanadi. A rubuta takarda, a bi ta hannun ɗan majalisar unguwa, wanda muka zaɓa da kanmu, a haɗa da shaidar ofishin jin daɗin jama'a in an samu. Na gaya wa Inna gaskiya cewa mai ɗaki huɗu na haya da ɗa a Amurka zai yi wuya ta shiga ta wannan ƙofa. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan da sai na yi ƙorafi yake aiko da na cefane?" Na ce wannan shari'ar ba ta majalisa ba ce.

Shawarar "kada ki biya" kuwa, ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk maganar yaron. Ƙin haraji tsohon abu ne a ƙasar nan. A 1852 Turawa suka sa sule ɗaya a kan kowane kai, jama'a suka ƙi, har a 1854 jirgin yaƙin Ingila ya yi wa Osu da Labadi da Teshi ruwan wuta. Kuma na san abin da ke ran mai gidan zango in ya dubi kwatar da ta toshe a ƙofarsa, da bolar da ta kwana bakwai ba a kwashe ba: me aka yi mini da zan biya? Tambaya ce mai kyau, ni ma ina yin ta. Amma harajin gida a wuyan gidan yake rataye. Idan aka ƙi biya, majalisa tana da ikon manna sanarwa a bangon gida, in wa'adi ya cika ta kai ƙara, kotu kuma tana iya ba da umarnin a sayar da gidan a biya bashin. Ba kullum ake kaiwa can ba, amma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗora gidan gado a kan "ba kullum ba".

Wurin yin wancan ƙorafi na kwata da bola yana nan. Kowace shekara majalisa takan zauna ta yanke farashin haraji da kuɗaɗen lasisi na shekara mai zuwa, kafin a buga a jaridar gwamnati, kuma akan kira masu ruwa da tsaki a ji ta bakinsu. Matan kasuwa suna zuwa, direbobi suna zuwa, masu otal suna zuwa da lauyoyinsu. Mu kuwa sai an gama an buga, sannan a ji mu a bakin masallaci. Da masu gidajen zango za su tura mutum uku su ce a yi wa gidan iyali mai 'yan ɗakunan haya aji na kansa, da sun yi abin da ya fi shekara goma na gunaguni.

Wani abu kuma kafin in manta. A 2023 gwamnati ta miƙa karɓar harajin gida ga GRA, aka riƙa biya ta waya da intanet, sannan a 2024 aka mayar wa majalisu aikinsu. Wanda ya biya a wancan tsakani ya nemo shaidarsa, ko saƙon waya ne, ya adana. In aka sauya hannu sau biyu a shekara biyu, ba mamaki a nemi mutum da abin da ya riga ya biya.

Ranar Talata muka tafi ofis da Inna da jikanta mai jin Turanci. Muka yi awa biyu a benci. Da aka buɗo lambar gidan, sai ga shi an sa shi a ajin kasuwanci gaba ɗayansa, ɗaki goma sha ɗaya, saboda keken tela guda. A cikin shekara ukun da ake bin ta kuma akwai 2023, wadda ƙanen mijinta ya biya ta waya, Allah ya sa bai goge saƙon ba. Aka ce za a cire wannan. Muka rubuta takardar neman a sake duba aji da ƙima, aka buga mana hatimi, ta biya rabin abin da ya rage don kada a ce ta ƙi. An ce mai ƙima zai zo. Na roƙe ta duk ranar da zai zo ta aiko a kira ni, kuma ta zauna a ƙofar ɗakinta da kanta, kada a bar shi da matar ɗan haya.

Maganar sauya suna kuwa tana jiran yaron Amurka, wanda ya ce zai zo da babbar salla. Inna ta ce in shirya, ni zan fara yi masa bayani, domin ita in ta faɗa sai ya ce tsufa ne.

Mai tambaya a kan takardarsa ya aiko da kwafinta ta ofishin wannan jarida, ya rufe suna da lambar gida in ya so. Maganar kuɗin makaranta sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.